Na ba su maganin tsutsa amma ramewa suke ta yi

Ɗan'uwa, ka ce ka ɗura wa tumakinka da awakinka albendazol har sau biyu amma ba su murmure ba, kana tambaya ko ƙarin abinci zai taimaka. Zai taimaka ƙwarai, sai dai ka fara duba idanunsu.

Ka kama kowace dabba a wurin haske, ka ja fatar idonta ta ƙasa. In ta yi ja, jini na nan. In ta yi fari fat, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, to ka zargi Haemonchus contortus, tsutsar da ke maƙalewa a tumbi na huɗu tana zuƙar jini. Macen tsutsar guda ɗaya kan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Wannan duban ido shi ne tsarin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu, mai maki 1 zuwa 5, don a yi wa masu ƙarancin jini kaɗai magani. Ɗura wa garke gaba ɗaya a kai a kai shi ke sa tsutsa ta daina jin magani, kuma ina jin abin da ya same ka ke nan. Likitan dabbobi zai tabbatar in ya ƙirga ƙwai a kashinsu kafin magani da kwana 10 zuwa 14 bayansa.

Batun abinci kuwa, bincike ya nuna ƙarin furotin na ƙarfafa garkuwar jiki, musamman ga masu tsohon ciki da masu shayarwa. Amma don Allah kada ka ba tumaki gishirin lasa mai yawan sinadarin kofa (copper, wato jan ƙarfe) da aka haɗa don awaki. Sinadarin yana taruwa a hantar tumaki har ya kashe su.