Tarakta bayan ritaya: za ta ciyar da gida, ko gida ne zai ciyar da ita?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na ajiye aikin gwamnati, ina zaune a gefen Gadarif da ke gabashin Sudan, kuma kuɗin fansho ba ya kai ni ƙarshen wata. Tun ina saurayi nake sha'awar tarakta, wadda a nan muke ce wa babur. Na iya tuƙi da ƙananan gyare-gyare. An yi mini tayin Massey Ferguson 290 ta hannu haɗe da diski, wato jerin faifan ƙarfe mai faɗi da take ja yana fasa ƙasa. Ina so in riƙa yi wa ƙananan manoma aiki suna biyana. Akwai riba? Nawa zan yanka wa faddan, ma'aunin gonarmu na nan?
Daga wani dattijo, Gadarif

AMSA: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya sa wa abin da aka samu albarka. Riba akwai, amma sai ga wanda yake lissafi da awa, domin tarakta da awa take ci, da awa take tsufa.

Fara da sanin abin da kake iya gamawa a awa ɗaya. Faddan murabba'in mita 4,200 ne. Ka ninka faɗin abin da kake ja da gudunka, ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na juyawa da tsayawa, sannan ka raba da 4,200. Diski mai faɗin mita 4 a gudun kilomita 7 (mita 7,000) a awa zai ba ka kusan faddan 5 a awa. Garma mai faifai uku kuwa, da faɗinta bai kai mita ɗaya ba, da ƙyar take cika faddan guda. Shi ya sa ba a yi musu kuɗi ɗaya. Wanda ya yi haka, gas ɗinsa, wato man dizal, yake rabawa sadaka bai sani ba.

Sai abin da awar take ci. Kada ka dogara da faɗar mai sayarwa. Cika tanki har wuya, yi aikin awa biyu a gona, ka sake cikawa da mazubin da ka san litarsa. Inji mai wannan ƙarfi yakan sha lita 7 zuwa 10 a awa in yana ja sosai. A kan kuɗin gas ka ɗora na baƙin mai, matata da giris. Ka ɗora na gyara da taya. Ka ɗora na tsufa: in kana ganin saura mata awa 4,000 kafin a sauke inji, raba kuɗin da ka saye ta gida 4,000, kowace awa ta biya kasonta. A ƙarshe ka sa ladan zamanka a kan kujera cikin rana da ƙura. Jimlar nan ka raba da yawan faddan da kake gamawa a awa, shi ne farashin da ba ka sauka ƙasa da shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 farashin gas da kayan gyara ba ya zama wuri ɗaya, don haka ka rubuta lissafinka da lita, ba da fam ba. Mafi sauƙi ma, mai gona ya kawo gas ɗinsa, kai ka karɓi kuɗin aiki. Batun “sai an yi girbi” shi ke kashe masu tarakta ɗaya. Ka yi aiki a Yuli, riɗi sai wajen Oktoba, dawa sai ƙarshen shekara, darajar kuɗin kuma ta zube a tsakani. In dole ne ka ɗaga wa wani, ku rubuta da buhu, a gaban shaidu.

Damina a nan gajeriya ce, shuka makonni kaɗan ne, kowa kuma rana ɗaya yake nemanka. Tattara gonakin da ke kusa da juna. Tafiyar awa ɗaya don faddan uku asara ce. Bayan shuka, tirela ce ke riƙe gida: jigilar ruwa, buhunan hatsi, kara da bulo. In ba ka da ita, taraktar za ta yi watanni a inuwa tana jiran batir ya mutu.

Kafin ka biya kuɗin taraktar, je da asuba, ka dafa injin ka ji da sanyi, sannan a tayar. Wanda aka ɗumama kafin ka zo yana ɓoye wani abu. Duba bututun numfashi da ke gefen inji: in yana furzar da hayaƙi da mai, ringin cikin injin ya ci. Zaro sandar mai. In ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa na shiga. Ɗaga garma sama ka kashe inji. In ta fara sauka nan da nan, haidirolik na yoyo a ciki. Ka kuma tafi da makanikenka, ba na mai sayarwa ba.

Abin da ya fi lalata irin wannan tarakta shi ne gas mai datti. Famfon da ke tura gas cikin injinta da gas ɗin kansa yake samun santsi, saboda haka ɗan ruwa ko ƙura yana cinye shi daga ciki, gyaransa kuma yana iya haɗiye ribar damina. Bar ganga ta kwana biyu a zaune, ka ɗiba daga sama, ka tace, kada ka taɓa na gindi. Kullum da safe ka tsiyaye ruwan da ya taru a ƙasan matata, ka duba matatar iska, ka hure lagireto, ka yi wa bairin ɗin diski giris. Baƙin mai a awa 250 ake canzawa. A ƙurar rani, kada ka bari ya kai haka.

Baƙar ƙasar Gadarif kuma ka san halinta: a bushe kamar dutse, ta jiƙe kamar danƙo. Damƙi ƙasa ka matse. In ta dunƙule tana sheƙi, koma gida. In ka kafe, kada a ɗaura sarƙa sama da gatarin baya, kada kuma a ɗaure gungume a taya. Tarakta tana iya tashi da gaba ta kifo kan direba kafin ƙafarsa ta kai kuloci. A sandar ja ta ƙasa kaɗai ake ɗaurawa. Jikoki ma kada su hau gefen taya, ko da na zagaye ɗaya ne.

Shawararmu, Baba, kada ka zuba duk kuɗin sallama a ciki. Ka rage abin da zai sayi tayar baya biyu da gyaran famfo. Kafin ka sa hannu, zagaya maƙwabta ka rubuta wa zai ba ka faddan nawa. In jimlar aikin gona da jigila ba ta kai awa 400 a shekara ba, ka nemi wani mai tarakta ka riƙe masa tuƙi da kulawa damina ɗaya tukuna, kana rubuta awa da lita a littafi.