Mota nawa zan wanke kafin in daina asara?

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu da ya yi tambaya ɗazu kan wurin wankin mota, wai mota nawa zai wanke a wata kafin ya daina asara, kuma ko ya ƙara ɗaukar yaro. To, ga amsata.

Kuɗin da kake kashewa iri biyu ne. Akwai wanda ko an yi ciniki ko ba a yi ba sai ka biya shi: haya, albashi, har da naka albashin fa, don Allah kada ka cire kanka. Akwai kuma wanda sai mota ta shigo yake fita, irin su sabulu, ruwa, man inji.

Bari in sa ƙananan lambobi don lissafin ya fito, kai sai ka sa naka. A ce na farkon 600 ne a wata. Kana karɓar 10 kan kowace mota, kayan wanki suna cin 4, saura 6. Raba 600 gida 6, ka ga mota 100 ke nan. A nan ba ka ci ba, ba a ci ka ba. Riba sai daga ta 101.

To amma abin da ya fi damuna, mutane a nan suke tsayawa. Shin wurin naka zai iya wanke 100 ɗin? In mota ɗaya tana cin awa guda, awa 8 a rana, kwana 26, ka ga 208 a takarda. A takarda fa na ce! Kwastomomi ba sa zuwa a jere. Wata rana ku wuni a zaune, ƙarshen mako su taru har wasu su juya. Kuma awar da ta wuce babu mota ta tafi ke nan, ba kaya ba ce da za ka ajiye ka sayar gobe.

Maganar sabon yaro kuwa, in albashinsa 240 ne, 600 ta koma 840. Yanzu mota 140 kake nema. Wato sai ya jawo ƙarin 40 kafin ya biya kansa.

Don haka kada ka yi gaggawa. Ka sami littafi, wata guda kana rubuta duk motar da ta juya saboda layi, da ranar da lokacin. In ba su kai 40 ba, kuma duk Asabar da Lahadi ne, nemi mai taya ka na kwana biyun nan kawai. Ka turo lambobin mu duba tare, in sha Allahu.