Tambayi Likita: Bayan shanyewar ɓarin jiki, yaya hannu da ƙafa ke dawowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Yau sati uku da mahaifiyarmu mai shekara 63 ta gamu da shanyewar ɓarin jiki na dama. An sallamo mu daga asibiti. Safe da yamma muna gasa mata hannu da ƙafa da ruwan zafi, muna mulka man zafi, kuma ko kofi ba ma bari ta ɗauka. Anya za ta sake takawa? Daga wata ’yar’uwa a Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ku kuma ya ba ku ladan jinya. Amma ’yar’uwa, ruwan zafin nan a ajiye shi daga yau. Ciwon ba a ƙafa yake ba, a ƙwaƙwalwa yake. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarta, shi ne kuwa ke juya ɓarin dama na jiki. Ƙafar lafiyarta lau, saƙo ne ba ya iso mata. Sannan ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fata ta sale mai ciwo bai sani ba. Mun sha karɓar irin wannan ƙuna. Ina ganin sunan da muka laƙaba wa sashen asibiti mai kula da dawo da motsin jiki, wato “gashin ƙashi”, shi ke ruɗa mutane, alhali yawancin aikinsu da irin Inna atisaye ne.

Ƙwaƙwalwa tana iya fitar da sababbin hanyoyin aika saƙo ta kewaye wurin da ya lalace, amma sai an yi ta maimaita motsin. Kamar turba ce a gona, wadda ake bi kullum ita ke fitowa, wadda aka daina bi ciyawa ta rufe ta. Wannan gyaruwa ta fi sauri a wata 3 na farko, ta ci gaba zuwa wata 6, daga nan ta rage gudu. To kin ga kuna cikin lokaci mafi tsada, kuma tausayin da ke sa ku yi mata komai shi ke cinye shi.

Ku kai ta wurin likitan gashin ƙashi ya auna ta ya tsara mata atisaye. Manyan asibitoci irin na koyarwa da ke Shika kusa da Zariya da na Malam Aminu Kano suna da sashen. A gida kuwa daki-daki ake bi: ta koyi juyawa a kan gado, sai zama a bakin gado ƙafafu a ƙasa, sai miƙewa daga kujera, sai tsayuwa tana raba nauyinta a ƙafa biyu, kafin a zo ga taku. Kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini ya fi a tara mata wahala lokaci guda. A mayar da ita gado, don tashi daga tabarma sai mai ƙarfi, a kuma samo kujerar ba-haya a maimakon tsugunno. Idan ba ta iya juyawa da kanta, ku riƙa juya ta duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya. Abinci a zaune tsaf, in kuma tana tari ko ƙwarewa wajen shan ruwa, a koma asibiti, don abin na iya gangarawa huhu.

Batun takawa, ban duba ta ba balle in yi alkawari. Da yawa suna komawa tafiya, wasu da sanda, wasu babu. Wanda ya iya zama da kansa ba jingina tun makonnin farko, alama ce mai kyau. Ƙafa takan riga hannu dawowa, kada wannan ya karya muku gwiwa.

Tambaya: Likita, maigidana kafaɗarsa ta ɓarin da ya shanye tana masa ciwo har ba ya barci. ’Yan’uwansa sun ce a kira mai ɗori. Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, kada a kira shi. Tsokoki ne ke riƙe kafaɗa a gurbinta, da suka saki sai nauyin hannun ya riƙa jan ta ƙasa. Babban abin da ke ƙara ɓata ta shi ne ɗaga mara lafiya ta hanyar jan hannun ko cusa hannu a hamatarsa. A riƙe shi ta ƙugu. In yana zaune a ɗora hannun a kan matashi, kada a bar shi yana reto, kuma kada a ɗaga shi sama da kai da ƙarfi. Wajen sa riga a fara da hannun mai ciwo, wajen cirewa a ƙare da shi. Idan hannun ya fara ƙanƙamewa, yatsu suna dunƙulewa, ana miƙe su a hankali kullum, kuma akwai magunguna irin su baclofen da likita ke rubutawa in abin ya tsananta.

Tambaya: Shekarata biyu da ciwon. Ina tafiya, amma hannun hagu na daina amfani da shi. Na makara ke nan? Daga wani malamin makaranta a Gombe.

Amsa: Ba ka makara ba, Malam, sai dai sauƙin zai zo a hankali. Wani masani ɗan Amurka, Edward Taub, ya nuna cewa mutum kan saba da watsi da hannun da ya raunana har bayan ƙarfi ya soma dawo masa. Dabararsa ita ce a sa wa hannu mai lafiya safa mai kauri na wasu awoyi a yini, a tilasta wa ɗayan aiki. Tana amfanar wanda zai iya ɗan ɗaga wuyan hannu da buɗe yatsu, don haka likitan gashin ƙashi ya fara duba ka. Kayan atisayen duk suna gidanka: jan carbi, tsintar wake ɗaya-ɗaya, buɗe shafin littafi, sa maɓallin riga. Sai dai ka cire safar in za ka yi tafiya, don kana buƙatar hannun in ka yi tuntuɓe.

Tambaya: Baba ya samu sauƙi har yana zuwa masallaci. Zai iya barin maganin hawan jini?

Amsa: A’a. Hawan jini ne kan gaba wajen jawo wannan ciwo, kuma wanda ya taɓa yi ya fi kowa haɗarin maimaitawa. Ya ci gaba da sha, a riƙa auna jinin, a rage gishiri da dunƙulen miya. Ranar da kuka ga baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko hannu ya saki, a nufi asibitin da ke da na’urar hoton ƙwaƙwalwa nan take. Allurar narkar da gudan jini a cikin awa 4 da rabi da fara ganin alamun ake yin ta, kuma sai hoto ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce.