Shin takin zamani yana ƙara yawan nau'in tsirrai a filin ciyawa?

Tambaya: Idan aka daɗe ana zuba wa filin kiwo taki, shin nau'o'in ciyawa da sauran tsirran da ke cikinsa za su ƙaru ne, kamar yadda amfanin gona ke ƙaruwa?

Amsa: Yawan ciyawar zai ƙaru, amma nau'o'inta raguwa suke yi. Hujja mafi ƙarfi a kan haka tana cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke Ingila, inda John Lawes da Henry Gilbert suka raba wani filin ciyawa gida-gida a 1856, kuma har yau ana yanke shi domin ingirici, kowane yanki da irin kulawar da ake ba shi. Yankunan da ba a taɓa zuba musu taki ba suna ɗauke da nau'in tsirrai kusan 40, alhali waɗanda aka daɗe ana zuba musu takin amoniyam salfet, mai ɗauke da sinadarin naitirojin, ba tare da farar ƙasa mai rage tsamin ƙasa ba, sun koma nau'i biyu ko uku kacal.

Dalili biyu ne suka haɗu. Da farko, naitirojin yana sa ƴan nau'o'i masu saurin girma su yi tsawo su tare wa gajeru rana, sai ƙananan furanni da dangin wake su ɓace a hankali. Na biyu kuma, wanda a ganina aka fi mantawa da shi, wannan taki yana sa ƙasa tsami shekara bayan shekara, har ta kai tsirrai kaɗan ne ke iya jure mata. Shi ya sa aka fara zuba farar ƙasa a kai a kai a wasu sassan tun 1903. Da aka daina zuba naitirojin a wasu yankuna a 1989, nau'o'in sun fara dawowa, sai dai sannu a hankali, cikin shekaru masu yawa.

A makiyayunmu, inda ba kasafai ake zuba taki ba, lokacin kiwo ne ke yin irin wannan tasiri. Idan dabbobi suka zauna wuri ɗaya duk damina suna cinye ciyawa kafin ta zubar da iri, gamba, wadda ke tsirowa daga saiwarta kowace shekara, takan ja baya, sai tafasa da garmani, waɗanda dabbobi ba su cika ci ba, su mamaye filin. Saboda haka, mai son filinsa ya riƙe nau'o'i da yawa ya riƙa hutar da wani ɓangare har ciyawar ta yi iri, yana sauya ɓangaren kowace shekara.