Tambaya da Amsa: Nama da Kofin Contador

Tambaya: Malam, ɗan tseren keke Alberto Contador ya ce gurɓataccen nama ya ci. Me ya sa aka ƙwace masa kofin Tour de France (babbar gasar tseren keke ta Faransa) na 2010? Mai karatu, Zariya.

Amsa: Malam, a dokar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, duk abin da aka gani a fitsarin ɗan tseren keke, alhakinsa ne, ko da gangan ko da kuskure. Ana raba fitsarin kwalba biyu, A da B; na Contador duka sun nuna haramtaccen sinadarin clenbuterol, ɗan mitsitsi, fikogiram 50 a mililita (fikogiram kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na giram). Kafin a sassauta masa, sai ya tabbatar da hanyar da sinadarin ya shiga jikinsa. Nan ya kasa, naman kuwa an riga an cinye. A Fabrairun 2012 kotun wasanni da ke Suwizalan ta dakatar da shi shekara biyu, kofin ya koma hannun Andy Schleck, wanda ya zo na biyu a gasar.