Mota tana kakkarwa a sulo, mai ita yace fulogi ne kawai: in biya ko in haƙura?

Saƙonnin wannan karon kusan duk akan abu ɗaya suka zo, motar da aka saya hannu na biyu tana rawa, tana tari, ko ta ƙi ja. Na zaɓi biyar, na gajarta su kaɗan.

Tambaya ta farko: "Assalamu alaikum Malam. Dan Allah akwai motar da na gani zan saya, silinda huɗu ce, jiki lafiya lau, ciki tsaf, amma da aka tayar da ita sai naji tana kakkarwa a sulo har sitiyari na motsi. Mai motar yace fulogi ne kawai, in na canza shikenan. In biya?"

Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Tambayar da zan fara yi maka ita ce, in fulogi ne kawai me ya hana shi canzawa kafin ya nuna maka motar? Fulogi ai yana cikin mafi arahar kayan inji, kuma a yawancin motoci masu silinda huɗu ko awa ɗaya aikin baya ci. Ban ce ƙarya yake ba, zai iya yiwuwa fulogin ne da gaske, amma shima ji yayi daga bakin wani, kai kuma kuɗinka zaka zuba.

Abin da bakanike ke cewa misin shine wata silinda ta tsallake aikinta. Kowace silinda abu uku take buƙata kafin ta buga: wuta daga fulogi, haɗin fetur da iska daidai gwargwado, sai matsi wato kwamfureshan. Ɗaya ya ɓace silindar ta kwanta, sauran silinda ukun ne zasu riƙa jan ta, shine kake jin wannan girgizar, in ka je bayan motar ka saurari bakin salansa zaka ji tana ɗan "fut... fut" a tsakanin ƙarar. Toh matsalar ita ce a kujerar direba duk iri ɗaya ake jinsu. Fulogin da ya cinye da bawul ɗin da ya ƙone rawa ɗaya suke sa mota, amma na farko ka gyara da yamma ka kwana lafiya, na biyun sai an sauke kan inji.

Dan haka ka ce wa mai motar kana so ka dawo da sassafe, kuma kar a tayar da ita kafin ka iso. Da ka zo ka ɗaga bonet ka kai hannu kusa da injin, in da ɗumi to an riga an ɗumama maka ita, kuma inji mai zafi yana ɓoye abubuwa da yawa. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka duba ko fitilar cek injin ta kama tare da sauran fitilu, dole ta kama sannan ta mutu bayan an tayar. In bata kama ba sam to ko ƙwan ya mutu, ko an cire shi ko an rufe shi, wannan kaɗai ya isa ka kama hanyarka.

Sai sikana, wato na'urar da ke karanta kod, lambobin matsala da kwamfutar mota ke ajiyewa. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da OBD-II, na Turai masu fetur kuma daga 2001, wani soket ne mai baki 16 a ƙasan dashbod ɓangaren direba. Akwai ƙananan na'urori irin ELM327 da ake haɗawa da waya ta Bluetooth, sun isa wannan aikin. Kod P0301 na nufin silinda ta ɗaya ce ke misin, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe, P0300 kuwa yana nufin misin ɗin yawo yake ko ya kama silinda fiye da ɗaya. Kwamfutar motar tana gane haka ne daga sensan kiranshaf, duk lokacin da wata silinda bata buga ba juyin yakan ɗan yi sanyi na ƙiftawar ido, sai ta ƙirga.

Kuma kar ka ji daɗi dan sikana tace babu kod. Ana goge kod cikin daƙiƙa biyar, cire kan batir ma yakan goge. Amma gogewar tana barin sawu, domin kwamfutar tana da jerin gwaje-gwajen da take yi wa kanta, na katalis (matatar hayaƙin da ke jikin salansa), na sensan oksijin da sauransu, da an goge kod duk sai su koma basu kammala ba, kuma sai an yi tuƙi sosai, wani lokaci na kwanaki, kafin su cika. Motar da aka ce maka kullum ana hawanta amma gwaje-gwajen nan duk a buɗe, ka san jiya ko yau aka wanke mata allo.

Abu na ƙarshe kuma shine wanda ni a wurina yake yanke hukunci: gwajin kwamfureshan. A cire fulogai duka, a ɗaura gejin a ramin kowace silinda a buga sitata. Ba lambar kanta ce kaɗai abin kallo ba, tazarar da ke tsakaninsu ce, in wata ta faɗi ƙasa da 'yan uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari akwai magana. A ɗiga ɗan baƙin mai kamar cokali ɗaya a ramin a sake gwadawa, in lambar ta tashi to ringi ne ya gaji, in bata motsa ba bawul ne ko gaskit ɗin kai. Biyu maƙwabtan juna duk sun faɗi tare, yawanci gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Ka haɗa da duba ruwan lagireto ko yana raguwa, da farin hayaƙi mai kauri da baya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. In kwamfureshan ya fito daidai ka saya ka nemi ragi, sauran duk gyara ne na waje. In mai motar ya ƙi yarda a gwada, toh ka samu amsarka ba tare da ka kashe ko sisi ba.

Tambaya ta biyu: "Malam an min sikanin ya nuna P0302. Bakanike yace in sayo koil huɗu da injekta huɗu a canza gaba ɗaya a huta. Haka ne?"

A'a, tukuna. Kod ɗin cewa yayi silinda ta biyu bata bugawa, bai ce koil mai ba fulogi wuta ba, bai ce injekta mai fesa fetur ba. Akwai gwajin da ba ya cin komai sai minti goma: a ɗauke koil ɗin ta biyu a kai ta uku, na ta uku ya dawo ta biyu, a goge kod, ka zaga da motar. Kod ya koma P0303? Koil ne, guda ɗaya tak zaka saya. Ya tsaya a P0302? Sai a yi wa fulogi irin wannan musayar, a kai shi ta huɗu. Shima bai bi shi ba sai a koma kan injekta, ka ɗora bakin doguwar sukundireba a jikinta ka kanga kunne a mariƙin, mai rai zaka ji tana tik tik tik ba tsayawa. Duk waɗannan sun wuce lafiya, sai kwamfureshan kamar yadda na faɗa a sama.

In an zaro koil ɗin ka leƙa ramin da tocila. Sau da yawa zaka tarar da baƙin mai ya taru a ciki, robar koil ta jiƙe ta kumbura, wannan gaskit ɗin murfin bawul ne ke yoyo, in baka canza shi ba sabon koil ɗin ma haka zai bi sahun na da. Fulogin kansa kuma ka karɓa ka duba da idonka kar ka bari a jefar: ruwan ƙasa-ƙasa ko toka-toka lafiya, baƙi mai bushewa kamar gawayi fetur yayi yawa, baƙi mai maiƙo inji na shan baƙin mai, wanda kuma ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa da datti, ka yi zargin ruwa na shiga silindar.

Fulogi kam in sun tsufa a canza su duka tare, a nan na yarda da saye huɗu. Ka sayi lambar da littafin motar ya faɗa. Na iridiyam yakan kai kilomita 100,000 ko fiye, na gargajiya mai jan ƙarfe ko rabin haka baya kaiwa, sai dai jabun NGK da Denso sun yi yawa, kwali yayi kyau amma wata biyu sai bakin ya narke. Arahar da ta wuce hankali ka guje ta.

Tambaya ta uku daga wata baiwar Allah: "Na canza fulogi, na canza koil duka huɗu, an wanke injekta, amma har yanzu in na tsaya a danja sai ta riƙa rawa kamar zata mutu, da na taka totur sai ta daidaita. Kod P0300 da P0171. Na gaji wallahi."

Hajiya sannu, kin sha kashe kuɗi, kuma tun farko amsar tana cikin kod na biyun da ba wanda ya kula da shi. P0171 cewa yake iska ta fi fetur yawa. Kuma kin faɗi alamar da bakinki, a sulo take rawa, in kin taka ta lafa. A sulo iskar da inji ke ja kaɗan ce, dan haka ƙaramar ɓula a tiyo sai ta ɓata lissafin gaba ɗaya, in an taka totur kuwa iskar da ke shiga ta ƙofa ta rinjayi ta ɓarauniyar hanya sai ki ji kamar an warke.

Ni kaina na taɓa cin wannan wahalar. Wata uku ina zarya, duk zuwa sai an rubuta min sabon abu in sayo, har na fara tunanin sayar da motar. Rannan ina tsaye bonet a buɗe inji na aiki sai naji wani siririn "sssss" ta bayan inji, na kai hannu na lanƙwasa babban tiyon roban nan mai ninki-ninki da ke tsakanin akwatin iya filta da totur bodi, sai ga tsaga a ƙasan ninkin, tsawon ɗan yatsa, ta sama ba zaka taɓa ganinta ba. Ina matse wurin da babban yatsa inji ya nutsu nan take, na saki ya koma rawa. Na daɗe a tsaye ina kallon koil huɗu sababbi fil da basu yi laifin komai ba.

Ki ce a duba miki lambobin da kwamfuta ke ƙara fetur da su, sikana na nuna su da STFT da LTFT. In jimillarsu ta haura kashi 10 cikin ɗari a sulo amma ta sauko da aka riƙe inji a rpm 2500, wato juyi 2500 a minti, iska ce ke sata, a bi tiyoyi da bawul ɗin PCV mai mayar da tururin cikin inji hanyar iska, da gaskit ɗin manifol, wato bututun da ke raba wa silinda iska, wanda ke da na'urar hura hayaƙi ya hura a ga inda zai ɓullo. In kuwa lambar ƙaruwa take yayin da ake taka mota, sai a koma kan famfon mai da filtarsa, ko sensan iska MAF yayi datti. Shi wannan da feshinsa na musamman ake wanke shi, kar a bari wani ya sa masa tsumma ko buroshi, wayar ciki siririya ce ƙwarai.

Ta huɗu: "Fitilar cek injin ɗina ƙyaftawa take in ina hawa tudu. Zan iya lallaɓawa zuwa ƙarshen wata?"

Kar ka lallaɓa. Wadda ta kama ta tsaya cak tana baka lokaci, mai ƙyaftawa kuwa cewa take ɗanyen fetur na wucewa salansa yana ƙonewa a cikin katalis, zafin yakan narkar da saƙar da ke ciki ta toshe, sai ka wayi gari mota bata ja ga P0420, kod ɗin katalis, ya ƙaru. Misin ɗin da ke fitowa a tudu ko in an taka da ƙarfi galibi wuta ce ta yi rauni, koil ko fulogi, wato gyara mai sauƙi ne kake shirin mayar da shi babba. In ta fara ƙyaftawa a hanya ka sassauta ƙafa, ka kai ta wurin gyara mafi kusa.

Ta ƙarshe: "Tawa babu kod ko ɗaya, tana ja lafiya, amma in na sa giya a D na taka birki sai duk jikin motar ya ɗauki rawa, in na mayar N sai ta daina."

Wannan da wuya ya zama misin. Ka kalli allurar rpm lokacin da take rawar, in tana zaune daram wajen 650 zuwa 800 to injin lafiyarsa ƙalau, robobin da yake zaune akai ne suka mutu, wato injin sit, girgizar da ya kamata su shanye ita ce ke shigowa cikin mota. A ja birkin hannu, wani ya danne birki da kyau ya sa D sannan R, kai kana gefe, ba gaban motar ba, kana kallon injin, in yana ɗagowa sosai ka ga mai laifi. In kuwa allurar faɗuwa take ƙasa tana dawowa, musamman in an kunna AC, a fara da wanke totur bodi, kuma wasu motocin bayan wankin sai an sake koya wa kwamfuta sulo, dan haka kar ka tsorata in ka ga ya ɗan hau a ranar farko.