Kwamfuta tana ɗaukewa a tsakiyar gem: in sayi sabon katin hoto?

Wani mai shagon wasan kwamfuta ya aiko da tambaya: "Malam, ina da kwamfutocin tebur guda 6 iri ɗaya. Ɗaya daga cikinsu lafiya lau take idan ana kallo ko shiga intanet, amma da an kunna gem mai nauyi, bayan minti 20 ko 30 sai ta ɗauke ta sake tashi da kanta. Yara sun fara gudunta, kullum ina mayar da kuɗin awa. Mai gyara ya ce katin hoto ne, in sayi sabo. In saya?"

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Katin hoto ya fi komai tsada a cikin akwatin nan, kuma abin da ka bayyana bai fi kama da ciwonsa ba. Kwamfutar da ke ɗaukewa ɗif ta sake tashi, babu shuɗin allo babu saƙo, galibi wuta ce ta gaza mata. Mai yiwuwa ne mai gyaran ya yi daidai, sai dai bai nuna maka hujja ba. Kai kuwa kana da kayan gwajin da shi ba shi da su: kwamfutoci 5 masu lafiya irin tata sak. Da su za ka kama mai laifi kafin ka fitar da ko sisi.

Fara da tambayar kwamfutar kanta. A Windows ka buɗe Event Viewer, ka shiga Windows Logs, sannan System, ka nemi lokacin da ta ɗauke. Za ka ga Kernel-Power mai lamba 41. Wannan bai faɗi dalili ba, shaida ce kawai cewa ba ta rufe yadda ya kamata ba. Abin dubawa shi ne abin da ya zo gabansa. Idan babu komai, zargi ya koma kan wuta. Idan ka ga lamba 4101 daga Display, direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa shi, ne ya daina amsawa, domin Windows na ba shi daƙiƙa 2 kafin ta sake tayar da shi. Ka kuma cire alamar sake tashi da kanta a cikin Startup and Recovery, don in shuɗin allon saƙon kuskure na Windows ne ke wucewa da sauri ya tsaya ka karanta. MEMORY_MANAGEMENT yakan nuna RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, VIDEO_TDR_FAILURE kati ko direbansa, WHEA_UNCORRECTABLE_ERROR kuwa furosesa ko ƙarfin wutar da ke kai mata.

Minti 20 zuwa 30 ɗin nan da ka ambata ya sa dole a duba zafi, don kusan lokacin da iskar cikin akwati ke gama ɗumama ke nan. Ka saka HWiNFO64, manhajar auna zafi da wutar kwamfuta, ka sa ta riƙa rubuta awo a fayil, ka kunna gem ɗin har ta ɗauke, sannan ka karanta layukan ƙarshe. Yawancin furosesoshin Intel iyakarsu digiri 100 ne, Ryzen 7000 kuma 95. Katin hoto yana aiki tsakanin 65 zuwa 83 ba abin damuwa ba ne. Mafi sauƙi ma, ka yi wannan awon a kwamfutar da ke kusa da ita da gem ɗaya. In maras lafiyar ta fi 'yar uwarta da digiri 15, ka samu bakin zaren. Cire ta daga wuta, buɗe gefe, hure ƙurar da ta toshe haƙarƙarin ƙarfen sanyaya, kana riƙe da fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima. In man sanyaya da ke kan furosesa ya bushe ya zama kamar alli, goge shi da sifirit mai ƙarfi, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Duk wannan kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Amma inda na fi zargi shi ne akwatin wuta, wato power supply, wanda ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta. Lokacin kallo ko bincike katin hoto kusan barci yake yi. Da gem ta fara sai ya ja wuta mai yawa, kuma ba a hankali yake ja ba, yana yin tsalle na ƙiftawar ido wanda ya zarce abin da aka rubuta a jikin kwalinsa. Akwatin wuta mai inganci yakan shanye wannan. Wanda ya tsufa, ko dama ƙarami ne, sai kariyarsa ta yanke komai. Layin bolt 12 an yarda ya yi sama ko ƙasa da kashi 5 cikin 100, wato daga 11.4 zuwa 12.6. In ka ga yana faɗuwa ƙasa da haka yayin wasa, alama ce, ko da yake awon manhaja ba ya kama tsallen nan mai sauri.

Duba wayoyin katin da idonka. Ramin da yake zaune a babban allo (motherboard) yana ba shi wat 75, fulogi mai haƙori 6 yana ƙara 75, mai haƙori 8 kuma 150. Idan katin yana da ramuka biyu masu haƙori 8, kuma waya ɗaya mai kai biyu ce ke ciyar da su duka, sa wa kowane rami wayarsa daban. Ka danna kowane fulogi har ka ji ƙas. Robar da ta yi launin ƙasa ko take warin ƙuna ta riga ta ba ka amsa.

Daga nan sai musaya, kuma abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanda ya yi magani ba. Fara da mafi sauƙi: ɗauki kwamfutar ka kai ta mazaunin wata, a wani soket ɗin. Soket mai lilo ko UPS da ya yi mata kaɗan sun isa su jawo wannan, kuma lambar VA da ke jikin UPS ba ita ce wat ɗinsa ba, wat ɗin ya fi ƙasa. Sannan ka cire katin hotonta ka sa a lafiyayyar, na lafiyayyar kuma ka sa a wannan. In ciwon ya bi katin, mai gyara ya yi gaskiya. In ya tsaya a gida, sai ka musanya akwatin wuta. Gargaɗi biyu a nan. Kada ka buɗe cikin akwatin wuta, yana riƙe caji ko an cire shi daga soket. Kuma in mai wayoyin cirewa ne, kada ka haɗa wayar wani samfurin da wani. Bakin yana iya shiga daidai amma jeren wayoyin ya bambanta, sai ka ƙona kati da faifan ajiya a tashi ɗaya. Don kada ka zauna jiran gem, manhajar OCCT tana da gwajin wuta da ke matsa furosesa da kati tare.

RAM ba ta cin lokacinka sosai. Shiga BIOS, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka kashe XMP mai ƙara wa RAM gudu, ko EXPO in AMD ce, ka gwada. Ka bar MemTest86, manhajar gwajin RAM, ta yi zagaye 4 cikin dare bayan an tashi. Kuskure ko ɗaya ne ya isa. In sandunan RAM 2 ne a babban allo mai ramuka 4, yawanci rami na 2 da na 4 daga furosesa ne mazauninsu. Direba kuwa, share tsohon da manhajar DDU a cikin Safe Mode na Windows ka saka sabo. In furosesarka Intel ce ta ƙarni na 13 ko 14, musamman i7 da i9, sabunta BIOS: kamfanin ya amince da matsalar faɗuwa a cikinsu a 2024, ya fitar da gyara, ya kuma ƙara shekara 2 a garanti.

Sai lissafi. Ninka awannin da kujerar nan ke samun mai wasa a rana da kuɗin awa, ka haɗa da abin da kake mayarwa. Wannan ita ce asararka ta kullum, kuma da ita za ka auna kowane kashe kuɗi. Gwajin nan duka dare biyu ne bayan rufe shago. Kafin nan ka mayar da kwamfutar ga masu ƙananan wasanni da intanet, kada ta ci gaba da kunyata ka a gaban kwastoma. In akwatin wuta ne, sayi mai alamar 80 Plus, shaidar rashin ɓarnar wuta, daga sanannen kamfani, wanda ya kai ko ya ɗan fi wat ɗin da masu katin suka ba da shawara, kuma ka sayi guda 2. Kwamfutocin nan tare aka haɗa su, tare suke tsufa, na biyun ba zai daɗe a ajiye ba. In kuwa katin ne, nemo rasit ka duba garanti kafin ka bari kowa ya kwance masa noti.